Peugeot 504 ta gado: faci za a yi mata, ko yanka za a yi a haɗa?

Wani matashi daga wani ƙauye a ƙaramar hukumar Taura ta Jihar Jigawa ya aiko da wannan tambaya: "Assalamu alaikum Baba. Mahaifinmu ya rasu ya bar Peugeot 504 salun, haɗin Kaduna. Ta daɗe a ajiye a ƙofar gida, har tayoyin sun nutse a ƙasa. Injin yana juyawa. Amma wajen ƙafar direba ya ɓule, ƙofar baya ta hagu ba ta rufuwa sai an ɗaga ta, kuma gaban ya taɓa yin karo tun mahaifinmu na raye. Wani fanel bita ya ce a yanke gaban a haɗa mata na wata motar. Wani ya ce faci da fila da fenti sun isa. 'Yan gwangwan kuma suna ta zarya. Ni so nake in tashe ta. Wanne zan bi?"

Wa'alaikumus salam, ɗana. Allah ya jiƙan mahaifinka, ya sa ya huta.

Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna. Dukansu biyun sun yanke hukunci ba wanda ya ɗora tef a jikin motar ya auna ta, kuma a wannan sana'a duk wanda ya faɗa maka kuɗin aiki bai shiga ƙarƙashin mota ba, kintace yake yi. 'Yan gwangwan kuwa ka ba su haƙuri. Su da kilo suke lissafi, ba inda za su, ko baɗi ka neme su za ka same su.

Abin da za ka fara riƙewa shi ne, 504 salun ba ta da casis daban. Babbar mota ko tsohuwar Land Rover dogayen ƙarafa biyu gare ta a ƙasa, a kansu aka ɗora bodi aka ɗaure da kusoshi. Kana iya ɗage bodin ka ajiye gefe, casis ɗin na tsaye da tayoyinsa da injinsa. Taka ba haka aka yi ta ba. Falankin ƙarfe aka lanƙwasa aka haɗa da ɗigon walda bila adadin, har ya zama abu guda. Daɓen da kake taka ƙafa, da dokin ƙofa na hagu da na dama, da ginshiƙan da ke riƙe da rufi, da mazaunin shok na gaba, da ƙafafun nan biyu da suka miƙe gaba suka ɗauki inji, su ne casis ɗin. Ƙarfinta irin na ƙwarya ne: ba kauri gare ta ba, amma muddin a cike take sai ta ɗauki nauyi, in kuwa ta tsage a wuri ɗaya to tsagar ba ta tsayawa a nan. Don haka ramin da ke wajen ƙafar direba ba maganar ƙura ta shigo ba ce kawai. Ƙashin motar ne ya taɓu.

Daga nan sai kayan jikin su kasu gida biyu. Bonet, murfin but, ƙofofi huɗu, bamba da fendar gaba, duk da kusoshi aka ɗaure su. Waɗannan ba abin damuwa ba ne, ka kwance ka sa wani, ko yaron gareji zai yi. In ma sun lotsa kaɗan, a buga su ya fi, domin ƙofar da motar ta fito da ita daga kamfani ta fi kowace zama daidai a raminta. Amma fendar baya, rufi, daɓe, dokin ƙofa da ginshiƙai walda ce ta haɗa su, sai an yanka ake sauya su, kuma a nan ne ake tayar da mota ko a kashe ta. Matasa da yawa kuɗinsu a kashi na farko yake ƙarewa saboda shi ido ke gani. In da za ka ji tawa, kada ka sayi ko madubi sai ƙashin ya tsaya.

Ka yi sa'a da irin motar. A 1968 aka fara yin ta a Faransa, ta ci kyautar motar shekara ta Turai a 1969, kamfanin PAN na Kaduna kuma ya fara haɗa motoci a 1975. Turawa sun daina yin ta a 1983, amma Kaduna ta ci gaba har bayan shekara ta 2000. Gwamnati ta hau, 'yan sanda sun hau, 'yan tasha sun yi lodi da ita har ta gaji. Saboda haka gawarwakinta na nan birjik a garejoji da bayan gidaje, daga Haɗeja har Bichi. Sannan ƙarfenta ƙarfe ne mai taushi irin na da, yana karɓar guduma yana karɓar walda, ba kamar na motocin yanzu ba da ake yi da ƙarfe mai tauri wanda zafi ke kashe masa ƙarfi.

To ga yadda za ka duba ta. Ka fara fitar da ita daga inda ta nutse, a ja ta zuwa daɓen siminti. A cire kujeru, a yaye kafet da robar ƙasa gaba ɗaya, a kwashe duk tarkacen but. A wanke ƙarƙashin sosai, musamman laka da ta daskare a saman tayoyi, domin tsatsa a bayan laka take ɓuya. Sannan ka ɗauki sukundireba da ƙaramar guduma ka bi ta da kanka. Ƙarfe mai lafiya ƙara yake yi ƙal-ƙal in ka ƙwanƙwasa. Wanda tsatsa ta cinye ta ciki sai ka ji buf, ɓurɓushi na zubowa. Kada ka ji tausayinta, ka soka sukundireban da ƙarfi. Inda ya shige yau, da ma ba ƙarfe a wurin. Ka bi dokin ƙofa daga gaba har baya, ka bi wuraren da ake kafa jak, gindin ginshiƙai, ƙarƙashin batir, kewayen gilashin gaba, kwarmin but, da inda kujerar direba da bel suke ɗaure. Ka kuma samo maganaɗisu, ko na tsohuwar lasifikar rediyo, ka naɗe shi a ƙyalle ka bi jikin motar da shi. Inda ya ƙi kamawa, fila ce, wato kwaɓin da ake cike kwarin jikin mota da shi kafin fenti, aka lafta a wani gyara na baya.

Za ka yi mamakin yadda mota ke tsatsa a ƙasar da ake wata bakwai ko takwas ba ruwan sama. Ai rana ce take fara aikin. Ita ke busar da robar gilashi ta tsattsage, damina na zuwa ruwa ya bi ta nan ya sauka ƙarƙashin kafet, ya kwana ya wuni ba inda zai fita. Na fi zaton haka ramin wajen direbanka ya samu, ko kuma man birki ne ya riƙa ɗiga ya cinye fenti ya bar ƙarfe tsirara. Ƙasan ƙofofi da dokin ƙofa akwai 'yan ƙananan huji da aka bari don ruwa ya tsiyaye, ƙurar hunturu ta toshe su. Sai kuma abin da muke ɗora wa mota a karkara: buhun takin zamani, gishiri, kanwa, da akuya a but ranar kasuwar Gujungu. Taki da fitsarin dabba suna cin ƙarfe fiye da ruwa. In kuwa motar ta taɓa zama cikin ambaliya, irin wadda ke addabar garuruwan bakin kogin Haɗeja, to laka ta shiga cikin dokin ƙofa ta zauna, tana ci daga ciki fentin waje na ƙyalli.

Amma a ganina abin da ya fi kashe 504 a Arewa ba tsatsa ba ce, gajiya ce. Lodi da gargada suna tsaga ƙarfe. Ka haska tocila a kewayen mazaunin shok na gaba, da inda kurosmemba, wato ƙarfen da ya gitta a ƙarƙashi daga hagu zuwa dama, ta ɗaure da jikin mota, da mazaunin sifirin na baya. Siririn layi mai jan ƙura a gefensa, tsaga ce.

Ƙofar nan da sai an ɗaga ta, ita ce za ta gaya maka gaskiyar motar. Buɗe ta rabi, ka kama ƙarshenta ka ɗaga sama ka sauke, wani ya zuba ido a kan hinjin. In wasan a cikin hinji yake, fil ne ya ci, aikin yini ɗaya ne. In kuwa ka ga ginshiƙin tsakiya da kansa yana motsi, ko gindinsa na buɗewa, to ya rabu da dokin ƙofa. Akwai gwaji na biyu. Sa jak a gaba ta ɓangare ɗaya ka ɗaga har taya ta bar ƙasa, sannan ka buɗe ƙofofin huɗu ka rufe. Mota mai lafiya ba za ta damu ba. In ƙofar da ke rufuwa ɗazu ta ƙi rufuwa yanzu, bodin na murɗewa, ƙarfin tsakiyarsa ya tafi.

Sai awo, wanda shi ne masu gyara ba sa son yi. Ba ya buƙatar wata na'ura. Daɓe mai lebur, tef, alli, da zare mai ɗan ƙarfe a ƙarshensa. A ɗora motar a kan sitan huɗu, wato ƙafafun ƙarfe na tokare mota, masu tsayi ɗaya. A zaɓi wurare a ƙarƙashi da suke da takwara hagu da dama, kamar kusoshin kurosmemba ta gaba da na baya. Daga kowanne a sako zaren har ya kusa taɓa ƙasa, a ɗiga alli. Sannan a auna a gicciye: daga ɗigon gaba na hagu zuwa na baya na dama, daga na gaba na dama zuwa na baya na hagu. Awon biyu ya kamata su zo ɗaya. Bambancin milimita 3 ba komai, in ya doshi santimita guda motar ta karkace. Haka za a yi a ɗakin inji, daga saman shok zuwa ƙarshen ƙafar gaba ta ɗaya ɓangaren. Tazarar tsakiyar tayar gaba da ta baya a salun mita 2.74 ce, kuma abin da ya fi muhimmanci shi ne hagu da dama su yi daidai. Ka rubuta duk awon a takarda ka adana, domin da shi za ka kama mai aiki in ya gama.

A 504 karkata tana da wata illa ta daban. Farfelarta a cikin bututu take, bututun ya haɗa giyabos da aksil ɗin baya a layi ɗaya. In mazaunin gaba ya goce, layin ya goce, sai ka ga mota na tafiya a kaikaice, taya na cin gefe ɗaya, roba na mutuwa duk bayan 'yan watanni. Mai alaimen zai yi ta karɓar kuɗinka a banza, ba laifinsa ba ne.

Yanzu maganar gaban da ya yi karo. Ƙa'idar ita ce: abin da ya lanƙwasa ana miƙar da shi, abin da ya karye ko ya naɗe ya yi kaifi ana sauya shi. In ƙafar gaba ta ɗan kauce ne kawai, a ja ta da sarƙa da jak a hankali, ana ja ana aunawa, ana bubbuga wurin don ƙarfen ya saki. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a hura mata wuta har ta yi jajir sannan a ɗaure ta a bishiya a ja da baya. Za ta miƙe, ba shakka, amma wurin ya zama lagwani, kuma fentin cikin ya ƙone, tsatsa ta samu gida. In ta naɗe, a yanke wannan ƙafar kaɗai a sa ta wata motar.

Yanke gaba dungurungum a haɗa da na wata, wanda fanel bitanka na farko ya kawo, ba cewa nake ba ya yiwuwa ba. Yadda ake yinsa a yawancin garejojinmu ne abin tsoro. Sai a sa wuta a yanke ginshiƙan gilashi biyu da daɓe a layi ɗaya, a turo rabin wata motar, a daidaita da ido, a bi da walda, a shafe da fila. Mota ta fito tana sheƙi. Ranar da aka yi karo a hanyar Kano zuwa Gumel, a wannan layin take rabewa, mutane na ciki. In har dole sai an sauya gaba, a bi ɗinkin kamfani: a huda ɗigon waldar asali ɗaya bayan ɗaya da dirila, a zare tsohon, a zura sabon inda na da ya zauna. Inda kuma ba makawa sai an yanke ginshiƙi, ka sani falle-falle ne, ba falle ɗaya ba. Ba a yanka na waje da na ciki a wuri guda. A gocar da su kamar tsawon tafin hannu, a zura wani ƙarfe a ciki ya haɗe bakin biyu, sannan a yi walda. Ka tambayi mutumin yadda zai yi. In ya ce "Alhaji bar mana wannan, mun saba", ɗauki motarka. Kuma ga mota irin taka da har yanzu inji na zaune daidai yana juyawa, da wuya a ce karon ya kai a yanke gaba. Awo ne zai raba gardama.

Daɓe da dokin ƙofa kuwa ga tsarinsu. Kafin a yanke komai sai an tokare bodin. A ɗauki ƙarfen angul a ɗiga masa walda daga ginshiƙin gaba zuwa na tsakiya zuwa na baya, a sa wani a gicciye daga hagu zuwa dama. Dalili shi ne, da zarar an cire dokin ƙofa babu abin da ke riƙe da tsakiyar motar, sai ta zauna kaɗan ba wanda ya lura. A yi walda a haka, shi ke nan an ɗinke ta a karkace, ƙofa ba za ta ƙara rufuwa daidai ba har abada. A bar ƙofofin a rataye lokacin aikin, ana yi ana rufe su ana duba tazarar da ke tsakaninsu da jiki. Ɓangare ɗaya ake gamawa kafin a taɓa ɗayan. Kuma dokin ƙofa ake fara yi, daɓe ya biyo baya, don daɓen a jikinsa yake kamawa.

Tsatsa yanke ta ake yi har a kai ƙarfe mai haske. Ɗora faci a kan ruɓaɓɓen wuri gyaran gangar Abzinawa ne: ruwa ya shiga tsakanin falle biyu, damina biyu ta cinye tsohon da sabon. A yanke ramin ya yi kusurwa mai kyau, a zana shi a kwali, a fitar da sabon ƙarfe daidai bakin ramin, baki ya haɗu da baki. Kaurin ma a kula. Jiki da daɓe wajen milimita 1 ne ko kusa da haka, abin da masu sayar da falanki ke kira geji 20 zuwa 18. Wuraren ɗaukar nauyi, irin su mazaunin jak da ƙafafun gaba, milimita 1.5 zuwa 2. Kwanon rufi ba ya cikin lissafi ko kaɗan. Ya yi siriri, kuma farin sinadarin da aka shafe shi da shi in ya ji wuta hayaƙinsa na sa zazzaɓi. Abin da ya fi duka shi ne a yanko daɓen wata 504, domin kwarin da tudun da kamfani ya matsa a jikinsa su ne ƙarfinsa. In falanki za a yi amfani da shi, a buga masa irin wannan kwarin, in ba haka ba zai yi ta ɓam-ɓam a ƙarƙashin ƙafarka.

Waldar kabad da kowane fanel bita ke da ita tana aiki a hannun gwani, kuma da ita aka rayar da motocin nan shekara da shekaru. Matsalarta zafi ne mai yaɗuwa, yana murɗa falanki, shi ya sa ake bin bayanta da fila mai yawa. Waldar lantarki ta masu ƙofa da taga kuwa ɓula siririn ƙarfe take yi. Wadda ta dace ita ce MIG, mai waya da tukunyar iska, kuma akwai masu ita a cikin Kano in ka bincika. A ƙauye ma wutar da za ta ɗauke ta aiki ce. Shawarata a nan ita ce, ka ɗora motar a kai ta birni a yi aikin ƙashi, sauran kwance-kwance da gurza da ɗaure-ɗaure ka yi su a gida a hankali. Kowace walda aka yi amfani da ita, ɗigo-ɗigo ake yi ana tsallakawa ana barin wurin ya huce, ba a ja dogon layi a tashi ɗaya. Inda kamfani ya yi ɗigo, a huda rami na milimita 8 a fallen sama, tazarar kamar inci ɗaya, a cike shi da walda har ya kama na ƙasa. Sannan ka hana a yi maka liƙin jan ƙarfe a wurin ɗaukar nauyi. Yana kwanciya lumui, yana da kyan gani, amma manne ƙarfe yake yi, ba ya narkar da biyun su zama ɗaya.

Kafin a kunna wuta a sauke tankin mai a kai shi nesa. Tankin da ba mai a ciki ya fi cikakke haɗari, tururin da ya rage shi ke fashewa. A cire batir. Bututun mai da na birki a ƙarƙashin daɓe suke bi, a kwance su ko a kare su. In a gida za a yi wani abu, a nisanci harawa da kara da danni, a ajiye bokitin yashi da na ruwa. Kuma don Allah kada kowa ya shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita, ko bulon siminti. Bulo ba ya gargaɗi, rugujewa yake yi.

Wajen sayen kaya, Kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano ita ce ta farko, sai Fanteka a Kaduna. Amma ga kayan jiki, gawar mota ta kusa da kai ta fi. Mutane na rububin kayan Baljiyam, ni kuwa a falankin jiki ba na ɗokinsu: can gishiri suke watsawa a titi lokacin ƙanƙara, yana shiga kowane lungu na ƙarfe. Na Legas da Fatakwal kuma iskar teku da laima sun taɓa su. Ƙarfen da ya rayu a Gumel, ko Maigatari, ko tsallaken iyaka wajen Damagaram, fentinsa zai ƙoƙe amma cikinsa garau. In ka samu mota guda da injinta ya mutu jikinta na da kyau, saye ta gaba ɗaya ya fi sayen gutsure-gutsure, ka ɗebi abin da kake so ka sayar wa 'yan gwangwan sauran. Ka lura dai, ba kowace 504 ke shiga wata ba. Gaban salun da wagon da akori-kura kusan ɗaya ne, amma daga tsakiya zuwa baya sun rabu. Wagon ta fi tsawo, tazarar tayoyinta mita 2.9 ce, rufinta ya fi tudu, ƙofar bayanta ba za ta zauna a taka ba. Hannun ƙofa ma ya sauya, na motocin farko a waje yake, na waɗanda aka yi daga baya a shafe. Ka tafi da tsohon kayan ko awonsa. In za a yanko maka yanki, a yanko shi da rara, ya wuce inda kake buƙata, a gyara bakin a gareji.

Fila ba abokiyar gaba ba ce, an yi ta ne don share 'yan ƙananan kwarin da guduma ta bari. Kaurinta kada ya wuce milimita 3. Ba ta toshe rami, ba ta ɗaukar nauyi, kuma tana shan ruwa ta baya. An sha kawo mota garejinmu a fasa fila a tarar da ragar sauro da takarda a ciki. Bayan walda a gurje, a shafa fentin ƙasa mai hana tsatsa ciki da waje, a bi kowane ɗinki da sila don ruwa kada ya shiga. Cikin dokin ƙofa da ginshiƙai da ƙasan ƙofofi, inda buroshi ba ya kai, a fesa mai mai kauri ko kakin da ake sayarwa don haka, amma sai an gama fenti, in ba haka ba fentin ba zai kama ba. Baƙin mai da direbobi ke fesawa yana ɗan taimakawa, sai dai yana kumbura roba. A buɗe hujin tsiyayar ruwa. Kuma a sa sabuwar robar gilashi, tunda ita ce mafarin ɓarnar.

Lokaci ma na da tasiri. Aikin ƙarfe da rani ya fi, don da damina ƙarfen da aka gurje yau gobe da safe ya yi ja. Fenti kuma ba a yinsa a fili ana tsakiyar ƙurar hunturu. A samu rumfa a rufe, a yayyafa ruwa a ƙasa, a fesa da sassafe.

Kada ka ba da kuɗin aiki a dunƙule. Ku yi yarjejeniya mataki-mataki a gaban shaida, kuma sharaɗin shi ne ba za a shafa fila ko fenti a kan wata walda ba sai ka zo ka gani da idonka. Ka ɗauki hoto da waya kafin a yanka, da bayan an yanka, da bayan an haɗa. Ka sake awon gicciye ka gwada da takardarka.

Akwai kuma inda zan ce maka ka haƙura da wannan bodin. In dokin ƙofa biyun sun tafi, gindin ginshiƙai ya ruɓe, mazaunin shok ya tsage, awo kuma ya nuna karkata, kuɗin gyaran zai wuce na sayen wani bodin mai lafiya, sannan ba za ta taɓa komawa daidai ba. Sai ka nemi wani ka mayar masa da injin mahaifinka da giyabos da kujeru da sitiyari. In daɓe ne kawai da gindin ginshiƙi ɗaya, kamar yadda bayaninka ya fi nunawa, wannan gyara ne na yau da kullum.

In ta kai ga sauya bodi, ka kula da takardu. Lambar casis a jikin bodi take, ita hukuma ta sani a matsayin motar, ba inji ba. Ka sayi bodin da takardunsa, a rubuta maka rasit mai ɗauke da lambar, da sunan mai sayarwa da shaidu, don akwai na sata a kasuwa. Sannan ka je ofishin lasin da na VIO a gyara takardun su dace da abin da ke jikin motar. Wani zai ce maka a yanko lambar tsohuwar a liƙa a sabuwar, ba wanda zai gane. Kada ka yarda, laifi ne a doka, kuma waldar da ke kewaye da lamba ita ce abin da ɗan sanda ke fara nema in ya buɗe bonet. Tunda kuma motar gado ce, ka tabbata sauran magada sun sallama maka ita a rubuce kafin ka zuba mata ko kwabo.